Birkin Dunduniyar Malam Ilu

To, injiniyoyi, ku rage mini ƙarar wayar nan haka, na gani. Na ga Baturen, na ga gemunsa, na ga kuma ya haɗa keke mai inji cikin minti goma sha biyu har da lokacin shan shayi. Madalla. Tun da kun kalla sau uku ai kun gama koyo, sai ku nemi rumfa ku kafa allo. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a nan bakin titin Malumfashi, tsakanin mai faci da mai markaɗe, ashe wautata ce ta hana ni sayen data.

Abin da kuke so na san shi. Kuna son baƙin keke irin na kakanninku, mai sirdin fata da ƙararrawa da fitila mai ƙaton ido, a ɗora masa tanki mai sheƙi, ku hau ranar ɗaurin auren abokinku a ɗauke ku hoto. Ba laifi, ina yin irinsa, kuma masu son hoto ba na korarsu. Amma tun da kun ce koyo ya kawo ku, ku zauna a bencin can, ban da gefen da giris ya zuba, in ba ku labarin keke guda. Keken maigidana ne, Malam Ilu, wanda ya koya mini sana'a. Da aikin nan ya ƙi ni, da tsohon ya yi ban kwana da gonarsa ta Gozaki ke nan.

Ranar da babana ya kai ni rumfarsa, Malam Ilu bai tambayi ko sunana ba. Wani wili ya jawo daga ƙarƙashin tebur, wanda amalanke ta taka ya lanƙwashe kamar faifan da aka zauna a kai, ya miƙo mini da makullin sifok, wato wayoyin cikin wilin, da guntun gawayi. Ya ce, "In ya miƙe ka yi magana." Wata uku ban yi magana ba. Ka juya wili, ka kara gawayi a gefensa, inda ya yi baƙi nan ne ya karkace, ka ɗaure sifok biyu ta wancan gefe ka sassauta biyu ta nan, ka sake juyawa, sai ka ga karkatar ta yi ƙaura ta koma wani wuri tana yi maka dariya. Shi kuwa ko kallo ba ya yi. Yatsa yake bi da shi a kan sifok ɗin ɗaya bayan ɗaya yana saurare, sai ya ce, "Wannan barci yake." Ya ɗaure shi rabin juyi, shi ke nan wili ya miƙe. Wannan wurin Baturenku ya tsallake shi, ina jin lokacin ne aka sa tallar sabulu.

Kayan aikinsa duka buhu guda ne. Sifana mai baki goma, filaya, zarto, guduma biyu, da guntun ƙarfen dogo da muke duka a kai. Ga ƙarfen can, shi ya bar mini. Walda kuwa ta kabaid ce, sai na shekara biyu kafin ya bar ni na kunna ta, kuma ranar da na kunna na ƙone masa gefen riga.

Ga abin da za ku riƙe game da shi. Mutumin nan ya gyara birkin rabin kekunan garin nan, amma nasa keken ba shi da birki. Ko alamarsa babu. In zai tsaya, ɗage ƙafar hagu yake daga feda, ya mayar da ita baya, ya danna dunduniyar takalmi a kan tayar baya, keke ya ce ƙiiii ya tsaya. Kuma ba shi kaɗai ba, duk manoman yankin nan haka suke, daga Funtua har Musawa. Roban birki ya cinye, laka ta cika shi da damina, sai a kwance a yar, a cire madigadin baya, dunduniya ta karɓi aiki. Takalmin taya ai ba ya tsada. Na taɓa tambayarsa dalili ina yaro, ya ce, "Birkin da Allah ya haɗa ni da shi bai taɓa tsinkewa ba." Na koma kan aikina, don gudumar tana hannunsa.

Keken farko da na ɗora wa inji na wani mai yadi ne da ke bin kasuwannin ƙauye. Lokacin na kafa tawa rumfar, ina jin kaina. Injin feshi na samu, irin wanda ake goyawa, na raba shi da tankin magani na yi masa walda kai tsaye a jikin firam. Ya tashi kuwa, unguwa ta taru ana tafi. Kwana tara firam ya tsage gida biyu a hanyar Musawa, mai yadi ya dawo da rabin keke a kafaɗa, rabin a bayan a-kori-kura, ya zazzage mini abin da ban taɓa ji ba game da dangina. A nan na koyi cewa inji rawa yake yi, kuma firam ɗin keke bai san rawa ba. Ba a yi masa walda. Matsewa ake da ƙarfe biyu, a sa yankin tsohuwar taya a tsakani ta shanye girgizar.

Daga nan sauran suka biyo, kowanne da nasa marin. Bel ɗin da ke juya tayar baya a gefen hagu yake bi, don dama cen ɗin feda ya riga ya kama. Rim ɗin keken yara nake ɗaurawa a jikin sifok ya zama masa hanya, kuma in ya kauce da faɗin ƙwayar gero, bel zai yi ta faɗuwa har ka tsani ranar da aka haife ka. Tanki daga tsohuwar tukunyar kashe gobara nake yanka shi. Sirdi dukawa ke ɗinka mini. Salansa kuwa sai ka karkatar da bakinta ƙasa, in ba haka ba ta cinye wa mutum babbar riga ranar Juma'a. Fentin da kuke mutuwa a kai shi ne aikin ƙarshe, kuma ko ɗiyata ta aji uku tana iya shi.

Kariya, wato wurin ɗora kaya a bayan keke, ita ce wurin da za ku san mutanenmu. Manomi zai zo ya rantse maka, "Malam Lawai, ni da fartanyata ne kawai." Ka yarda ka sa kariya ta gayu, jibi ka gan shi da buhun masara biyu, da akuya a ɗaure a sama, da jarkar manja tana lilo a kan keken. Saboda haka duk wanda ya ce fartanya, rodi nake sa masa.

Sai shekarar da ta kusa tashina daga garin nan. Wani manomi ne daga wajen Musawa, Ɗan'asabe, mutum mai fara'a, ya kawo keken da ya hau tun yana saurayi. Na yi masa aikin da har yau ban ga aibinsa ba. Sabon birkin hannu gaba da baya, na gwada da kaina, na nuna masa, ya ce ya gane. Ranar kasuwa ya ɗauko dawa buhu biyu, ya shigo wani gangare, sai ga shanun amalanke sun gitta. Birki na nan ƙarƙashin yatsunsa. Bai taɓa shi ba. Ƙafarsa ta hagu ce ta tafi inda ta saba zuwa shekara talatin, ta tarar da bel yana gudu. Yatsun ƙafa biyu suka tafi, jijiyar dunduniya ta tsinke, mutumin da ke yin kunya ɗari a gona kafin hantsi ya koma dogara sanda.

Na je asibiti duba shi ina jiran zagi. Da ya zage ni ma da na fi jin daɗi. Sai ya ce, "Malam Lawai, wallahi ni ban ma tuna akwai wani abu a hannu ba." Kafin sati ya zagayo an raɗa wa aikina suna, keken Lawai mai cin ƙafa. Har mata a gidan biki suna tsorata yara da shi. Shekara guda cur ba wanda ya kawo mini inji. Na koma faci da hura taya, ina zaune ina zagin ƙauyawa da jahilcinsu ga duk wanda ya tsaya.

Wadda ta rufe mini baki Madam Ngozi ce, mai shagon kayan gyara da ke tsallaken titi. A garin nan aka haife ta, shagon na babanta ne, Hausarta kuwa ta fi tawa gishiri. Na je sayen sholishon faci na fara waƙar tawa, ta ce, "Kai Lawai, ka ishe mu. Su jahilai ne, to kai mai ilimi, ka taɓa tsayawa ka kalli ƙafar mutum in ya hau keke? Kullum idonka na kan inji kamar shi zai biya ka." Na fita ina ƙunƙuni. Amma tun daga ranar na fara kallon ƙafa.

Abin da ya haifi dokar rumfar nan ke nan. Duk wanda na haɗa wa keke, kafin ya tafi da shi sai ya tuɓe takalmi. Ƙafa tsirara zai hau, mu je gangaren bayan rumfa da ke sauka zuwa kwalbati, na ja layi da gawayi a ƙasa, ya taho da gudu ya tsaya a kan layin, sau uku. Bel ɗin na rufe shi da kwano, ba zai ci kowa ba. Amma dunduniya ba takalmi in ta taɓa taya sau ɗaya, ba ta ƙara marmari, hannu kuma sai ya tuna aikinsa. Na tuɓe wa alhazai takalmi a gangaren nan, na tuɓe wa wani mai unguwa, mutane na kallo. Wanda ya ji girmansa ya fi ƙarfin haka, in sauke injina ya ɗauki kekensa. A hankali suna ya gyaru. Da fetur ya yi tsada kuwa, masu babur da ke yi mini dariya suka fara zuwa suna tambaya a kaikaice, wai wani ɗan'uwansu ne ke so.

Ana nan, wata ranar bazara, zafi kamar a bakin murhu, sai ga Malam Ilu yana turo kekensa. Turowa, ba hawa ba. Ya daɗe da barin sana'a ya koma noma, gonar gado ce can wajen Gozaki, kullum da keken nan yake zuwa ya dawo. Na tashi na karɓi keken na ba shi kujera. Ya zauna da ƙyar yana dafa gwiwa.

Ya ce, "Lawai, gwiwa ta ƙi. In na hau, kafin in fita gari sai ta kama wuta. Ka liƙa mini wannan abin haukan naka."

Mutumin da shekara ashirin yake kiran aikina lalata keke. Na ce, "Baba, ai akwai 'yan acaɓa, a riƙa kai ka ana ɗauko ka."

Ya dube ni kamar na zubar masa da fura. "A ɗaure ni a baya kamar buhun taki? Yaro ya kai ni lokacin da ya ga dama, ya ɗauko ni lokacin da ya ga dama? Gonar da ba ni na kai kaina ba ai ba tawa ba ce."

Kashegari sai ga babban ɗansa, Alhaji Sabi'u, mai sayen hatsi a Funtua, ya faka mota a gaban rumfa ya toshe mini iska. Tare muka tashi da shi, amma yanzu tumbi ya shiga tsakaninmu. Bai zauna ba. Ya ce, "Malam Lawai, kar ka yi aikin nan. Mu mun gama magana da ƙannena. Akwai wanda zai karɓi gonar haya, in ruwan shuka ya sauka za mu ba shi. Baba ya zauna gida ya huta, me ya rasa? Kai ka fi kowa sanin abin da ya sami mutumin Musawa."

Ya taɓa ni a inda ke ciwo, kuma gaskiya ya faɗa. Ba mugunta ce ta kawo shi ba, tsoro ne. Na ce, "Alhaji, zan haɗa. In bai ci gwajina ba, ni da kaina zan hana shi, ko zai tsine mini. In ya ci fa?"

Ya ce, "In ya ci a gabana, na janye maganar haya." Ya faɗe ta ne da sakin fuska, don ya san ubansa, ya san kuma ƙafar ubansa.

Kwana goma sha ɗaya na yi a kan keken nan. Da na kankare tsatsa sai na ga wata tsohuwar walda a ƙarƙashin sirdi, mummuna, duk ƙuraje, na gane tawa ce ta zamanin koyo. Ashe bai taɓa gyara ta ba. Na sake ɗaure wili biyun da sifok masu kauri. Na nemo ƙaramin inji mara nauyi, na rage masa totur yadda ko an murɗe shi duka ba zai wuce gudun saurayi a kan keke ba. Na sa cibiyar birki ta babur a tayar baya, na ja wayarta zuwa hannu, laushi kamar tuwon shinkafa, yadda ko yatsa biyu sun isa. Malam Ilu ya ce kar in taɓa fentin, na bar masa shi da ƙujewarsa.

Ranar gwajin farko ban kira kowa ba, ni da shi ne. Muka je gangare na ja layi. Sai na tsaya ina susar ƙeya, don maganar ta ƙi fita. Daga ƙarshe na ce, "Baba, a cire takalmi."

Ya ce, "Wa?"

Na ce, "Doka ce, Baba."

"Dokar wa? Kai da na koya wa riƙon sifana kana share majina da hannun riga?"

Na ce, "Ni ɗin dai."

Ya tuɓe ya wurgar da su gefe. Ya hau, na tura shi inji ya kama, ya yi sama ya juyo. Zamansa a kan sirdi ko yau ba wanda ya kai shi. Ya taho, ya doso layi, ina ihu, "Hannu, Baba, hannu!" Sai na ga ƙafar hagu ta ɗaga ta yi baya. Ta goge kwanon bel ta sami taya. Keken ya wuce layi, ya wuce ni, sai da ya kusa kwalbati ya faɗa cikin yashi a hankali. Na ruga. Fatar dunduniya ta saɓule, jini na tsattsafowa. Ya ce, "Ƙasar ce ke da santsi."

Bayan kwana huɗu muka sake, da tsumma ɗaure a ƙafar. Duk wanda na taɓa gwadawa, zafin farko ya ishe shi. Ban da Malam Ilu. Na ga yatsunsa a kan birki, na ga yana kallonsu ma, yana motsa baki kamar mai tilawa. Layi na matsowa ƙafar ta sake tafiya abinta, da ciwon da komai. Wannan karon na riga na tsaya a ƙasa na cafke kariya.

Na ce, "Baba, ba zan ba da keken nan ba."

Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya zauna a bakin kwalbati yana kallon gabas, inda hadari ya fara haɗuwa kwana biyun nan. Ya ce, "Na sani. Ina gaya wa ƙafar, ba ta ji." Can ya ce, "Masarar da na ware ta iri tana rataye a ɗaki. Ka gaya wa Sabi'u ya ba mai hayar, kar ta lalace." Ya tashi ya kama hanya yana ɗingishi, ko takalman bai waiwaya ba. Wallahi raina ya ɓaci, ban taɓa jin na tsani dokar nan ba sai ranar.

Na kwashi takalman zan aika masa. Irin na taya ne, masu kauri. Da na juya na hagun sai na ga rami a dunduniyarsa, zurfin yatsa, a karkace, sumul kamar an goge da faranti. Na ɗauki takalmin na kara a tayar bayan keken, ramin ya zauna daram a wuri guda, ba gaba ba baya. Shekara hamsin ƙafar nan tana sauka a wuri ɗaya, ba ta taɓa kuskure ba. Ni kuma, babban injiniya, na kashe kwana goma sha biyar ina son in koya mata sabon karatu a tsufanta.

Na yanko ƙarfe mai faɗin tafin hannu, na yi masa ƙuraje-ƙurajen walda a sama don kar ya yi santsi. Na kafa shi a kan maɗauri a saman kwanon bel, daidai inda ramin takalmin ya nuna, da irin karkatar. Sau shida ina kwancewa ina sake ɗaurawa, ina sa takalmin a hannu ina kwaikwayon saukar ƙafar. Daga ƙarfen na ja sanda zuwa cibiyar birki. Na kuma haɗa wata 'yar waya zuwa filogi, yadda da an danna inji zai mutu. Abin ya fito mummuna, kamar an liƙa wa keke cokalin gini. In kun sa shi a hotonku ba wanda zai danna muku alamar so.

Na je gidansa da kaina na mayar masa da takalma. Na ce, "Baba, gobe da hantsi. A zo da takalmi." Ya ce, "Dokar taka fa?" Na ce, "Ta tafi hutu." Na kira Alhaji Sabi'u na gaya masa.

Da asuba aka yi ruwa, na farko mai ƙarfi, irin wanda ke sa manomi ya kasa karin kumallo. Da hantsi ƙasa na ƙamshi, gangare ya jiƙe, layin gawayi ya ƙi fita sai da na shimfiɗa igiya. Alhaji Sabi'u ya iso, ya sauka da motarsa ya faka ta a ƙasan gangaren, taku kaɗan bayan igiyar. Na ce ya matsar da ita. Ya ce, "A hanyar Gozaki ma ba matsar masa za a riƙa yi ba." Madam Ngozi ta rufe shago ta tsallako, mai markaɗe ya kashe inji, mutane suka taru.

Ban yi wa tsohon bayanin komai ba. Na san in na ce ga sabon abu, zai tsaya tunani, tunanin kuma shi zai kayar da shi. Na ce kawai, "Baba, a hau yadda aka saba." Ya kalli ƙarfen, ya kalle ni, ya hau.

Ya yi sama ya juyo. Ya taho, rigarsa na kaɗawa, totur a murɗe har ƙarshe don taurin kai. Na ji Alhaji Sabi'u yana salati a bayana. Igiya ta matso, ƙafar hagu ta ɗaga ta yi baya. Ta sauka a kan ƙarfen, inji ya yi tari ya mutu, tayar baya ta ja ƙasa, keken ya tsaya tayar gaba na kan igiya. Ya sauke ƙafa ya dube ni.

Ya ce, "Sau nawa ne dokar?"

Na ce, "Uku."

Ya yi na biyu. Ya yi na uku. Ba wanda ya ce ya ƙara, ya yi na huɗu, wannan karon ya wuce igiyar da gangan ya tsaya dab da motar ɗansa, har ƙararrawa ta kusa taɓa fitila. Ya ce, "Sabi'u, kawar mini da wannan akwatin. Ƙasa na bushewa."

Alhaji Sabi'u ya sa hannu a aljihu. Ya ciro waya, muna ji ya ce wa wani, "Malam, maganar gonar nan a bar ta." Ya kashe. Sai ya tuɓe hula ya goge fuska da ita, ya daɗe yana gogewa, gumin da ba mu gani ba.

Tsohon ya biya gida ya ɗauko masarar iri da sungumi, muka ɗaure masa a kariya. Bai ce mini na gode ba. Abin da ya ce shi ne bel ɗin ya ɗan yi sako-sako, in duba in ya dawo. Na duba daga baya, gaskiyarsa ne. Ya hau ya kama titi, hayaƙi na bin sa. Ni kuwa na dawo bencin nan da kuke zaune.

Alhaji Sabi'u ya ce mana Funtua zai koma, yana da motar masara da za a loda. Da la'asar wani direban bas da ya je Kafur da hantsi ya dawo ya tsaya hura taya, yake ba ni labarin abin dariyar da ya gani. Wai wani tsoho ne a kan keke mai inji, zaune ƙyam, a bayansa kuma wata ƙatuwar mota tana rarrafe da fitilu biyu suna ƙyaftawa, ta tare hanya, duk hon ɗin da aka yi mata ta ƙi wuce keken. Na gane mai motar, amma na ce, har ina? Ya ce har inda kwalta ta rabu da hanyar gona, nan motar ta tsaya. Na ce, tsohon ya waiwaya? Ya ce ko sau ɗaya.